Zan jera hotunan abinci a bangon gidana, me kuke gani?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Akwai wani bango a gidanmu tsakanin ƙofar kicin da inda muke shimfiɗa ledar cin abinci, faɗinsa zai kai mita biyu, fari fat, babu komai a jikinsa. Ina so in cika shi da hotunan abinci, manya da ƙanana a haɗe wuri guda, irin yadda ake yi a wasu gidajen sayar da abinci. Damuwata biyu ce. Gidan haya ne, mai gidan kuma ba ya son a huda masa bango. Sannan na rasa inda zan samo hotunan, shin in sauke daga manhajar hotuna ta Pinterest in kai a wanke mini, ko akwai inda ake sayar da su a shirye? Wadda ta taɓa yi ta taimaka don Allah.

Amaryar Bana: Wa'alaikumussalam Anti. Ni na yi a kicin ɗina. Pinterest na shiga na zaɓo na kek, na ayis kirim, na baga da fiza, na kai shagon da ake buga katin biki suka fitar mini. Duk wadda ta shigo sai ta tanka.

Uwargidan Gusau: Amarya ba zan ce naki bai yi kyau ba, amma Maman Sadiq ki saurare ni. Idan kika manna hoton baga da fiza, bangonki ya zama ɗaya da na kowane shagon cin abinci da ke bakin titi. Me zai hana ki ɗauki abin da ke fitowa daga tukunyarki? Waina tana kan tanda ta fara ja a gefe, sinasir an jera shi a faifai, ɗanwake da mai da yaji da yankakken ƙwai, funkaso da miyar taushe, dambun shinkafa da zogale, fura an dama ta a ƙwarya da ludayi a ciki. Wallahi babu abin da waɗancan hotunan suka fi namu da shi sai iya ɗauka. Kuma yaranki za su taso suna ganin abincin gidansu a matsayin abin da ya isa a yi ado da shi. Yanzu yara nawa ne suka san alkubus? Da yawa ko sunan nakiya ba su taɓa ji ba sai ranar da aka kawo gara.

Amaryar Bana: Anti ai matsalar, abincinmu ba ya fitowa a hoto. Ki ɗauki miyar kuka ki gani.

Hajiya Babba: Ni dai ku yi haƙuri da ni, ban ga dalilin wannan abu ba. Abinci ni'ima ce da ake sa wa bismillah a ci, a miƙa wa maƙwabci, ba abin ratayawa a bango ba ne. Ku dubi halin da ake ciki. Akwai gidan da sai a wuni ba a ɗora tukunya ba. Mace ta shigo miki da yunwarta, ta zo neman rancen kwanon masara, kunya ta hana ta faɗa, sai ta ɗaga kai ta ga kaji da nama jere a bango. Yaya za ta ji a ranta? Ga yarinyar da ke taya ki aiki, ga almajirin gida. Mu da muka taso, ko ƙamshin girki ya fita waje sai an ce a zuba wa na kusa. 'Yata Maman Sadiq, ki sa agogo ko ki bar bangon haka, farin bango bai taɓa cutar da kowa ba.

Maman Sadiq: Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta shige ni, don ban kalli abin ta wannan fuskar ba. Amma wurin ba falon baƙi ba ne, sai an wuce falon ake isa gare shi.

Uwargidan Gusau: Hajiya ku gafarce ni, ina da magana a nan. Ai iyayenmu ma da kayan abinci suka yi ado. Mene ne jere? Ƙore ne da tasoshi da kwanonin sha da langa, a ɗora wannan kan wancan tun daga ƙasa har kusa da rufi, a kafe faya-fayi masu launi a bango. A tsofaffin soraye har faranti ake binnewa a tsakiyar rufin ɗaki don ƙawa. Wanda bai da ko kwano ɗaya yana shiga ɗakin amarya ya ga wannan duka, ba a ce an ci masa fuska ba. Abin da ya canja kawai shi ne yanzu kwanukan suna cikin kabad, ga kuma waya mai ɗaukar hoto a hannun kowa.

Hajiya Babba: Jere daban, wannan daban. Kwano ba ya tayar wa mutum da yunwa. Kuma jere dukiyar mace ce, idan ta shiga matsi ta ɗauki tasa ta sayar. Hoton kaza fa, wa zai saya?

Malama Ummu Abdallah: Assalamu alaikum. Tunda an taɓo wannan gefen bari in sa baki, don na san wasu suna karantawa suna tunanin hukuncin rataya hoto a gida. Hadisan da suka yi tsanani a kan hoto suna magana ne a kan surar abu mai rai. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce masa da yin hotuna yake ci, sai ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi na bishiya da abin da ba shi da rai. Tuwo da miya da 'ya'yan itace suna cikin wannan sashe. Inda za ki kula shi ne idan za ki haɗa da fuskokin mutane, misali yara suna cin abinci, domin malamai sun yi saɓani a kan hoton kamara, kuma da yawa daga waɗanda suka sassauta a ɗaukarsa ba su so a rataya shi. Ki tsaya a kan abincin kawai kin huta.

Abu na biyu, na ga wasu suna sa addu'ar cin abinci ko bismillah a tsakiyar irin wannan jeri. Niyyar mai kyau ce, yara suna haddacewa. Amma a sa ta a firam mai gilashi, a sama, inda maiƙo da hannun yara ba za su kai ba, kuma ranar da ta tsufa kada a haɗa ta da shara.

Maganar Hajiya kuwa ba ta halal da haram ba ce, ta tausayi ce, kuma tana da tushe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarr idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa. Wadda bangonta ya cika da hoton nama amma kwanonta bai taɓa tsallaka katanga ba, ita ce ya kamata ta ji nauyi.

Hajiya Babba: Allah ya saka da alheri Malama. Abin da nake nufi ke nan.

Maman 'Yan Biyu: Malama to gasasshen kifi da kansa da idonsa fa? Ko kan rago na Sallah?

Malama Ummu Abdallah: Ki zaɓi wanda aka yanka gunduwa-gunduwa, sai zuciyarki ta natsu. Ga abinci iri-iri, ba sai kan rago ba.

Baban Ilham mai situdiyo: Salamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Sana'ata ce wanke hoto, don haka bari in faɗi abin da nake gani kullum a shago.

Na farko, yawancin hoton da ake saukewa daga Pinterest ko Instagram ƙarami ne. A waya yana da kyau, amma da zarar an buɗe shi ya kai girman takardar A4 sai ya dushe, gefen kwano ya zama kamar matakala. Don hoto ya fito tsaf ana son ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar fiksel, wato ɗigon hoto, 1200 da 1800, A4 kuma wajen 2480 da 3508, kusan megafiksel 9. Kamarar yawancin wayoyin yanzu ta wuce haka, saboda haka hoton da kika ɗauka da hannunki ya fi wanda kika sauke inganci nesa ba kusa ba. Ga kuma haƙƙi, waɗancan hotunan akwai masu su, wasu da su suke cin abinci.

Na biyu, kada ki turo wa mai wankin hoto ta WhatsApp yadda aka saba turawa, domin manhajar tana matse shi ta rage masa nauyi. Ki tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu, ko ki je da wayar a ɗauka da kebul.

Na uku, amsar Amarya a kan miyar kuka. Ba laifin miyar ba ne, laifin ƙwan lantarki ne da filashi. Ki kashe wutar ɗakin, ki kai kwanon kusa da taga ko bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, da hantsi ko bayan la'asar, ba cikin tsakar rana ba. Ki goge idon kamarar da gefen mayafi, don wayar da ke zama a kicin kullum akwai maiƙo a kanta, shi ke sa hoto ya yi hazo. Ki sa malmalar tuwo fara a gefe, ki ɗiga man shanu a kan miyar, ki barbaɗa ɗan yaji, ki ɗauka tun tana tururi kafin ta yi fata a sama. A akushi baƙi ko kwanon ƙasa ta fi fitowa, ba a farantin roba mai fure ba. Abin da aka baje a tire, kamar gurasa bandashe ko kilishi, daga sama ake ɗaukarsa. Abin da aka tula, kamar waina ko alkaki, daga gefe.

Amaryar Bana: Ikon Allah. Yaya Baban Ilham, wato shi ya sa nawa na fiza ya ɗan yi dishi-dishi. Zan gwada na kukar gobe in sa a nan ku gani.

Uwargidan Gusau: Akushi da faifai da ludayin duma duk suna nan a Kasuwar Kurmi, Maman Sadiq tunda a Kano kike. Kuma kada ki tsaya kan dafaffe kawai. Ki je 'Yankaba da safe ki ga tulin tattasai da attaruhu da tumatir, ko ki zuba gero, dawa, wake da acca a ƙananan ƙore ki ɗauka. Daddawa, kanwa, citta, kanumfari, masoro, busasshiyar kuɓewa. Waɗannan launinsu ya fi na dafaffen abinci kama ido, kuma Hajiya, babu wanda zai ga hoton kanwa yunwa ta taso masa.

Hajiya Babba: To wannan na yarda da shi. Hatsi a ƙwarya abin sha'awa ne, yana tuna wa mutum gona da wahalar manomi. Amma kaji da soyayyen nama dai ina nan a kan bakana.

'Yar Maraɗi: Sannunku da hira. Ni abin da ya sa na yi nawa daban ne. Aure ya kai ni nesa da gida, sai na ce wa ƙanwata duk abin da Inna ta girka ta ɗauko mini. Yanzu a bangona akwai dambu da kopto, akwai cukwi an shanya a kan tabarma, akwai tukuɗi, akwai furar gero a hannun Inna tana mulmulawa, hannun kawai ba fuska. A ƙasan kowane hoto na rubuta sunan abincin da sunan wadda ta koya mini shi. 'Yata ta fara karatu, kullum sai ta tsaya ta haɗa baƙaƙen, ta tambaye ni wace ce wannan, in ce kakarki ce, wannan kuma gwaggonki. Da baƙi ne suka ɗauki hotunan ba zan samu wannan ba. Maman Sadiq idan mahaifiyarki tana raye, ki fara da girkinta kafin naki.

Maman Sadiq: Allah sarki. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, kuma har yau babu mai yin miyar zogale da gyaɗa kamar tata. Kin ba ni abin da zan sa a tsakiya.

'Yar Zangon Kumasi: Mu ma nan haka ne. A nawa akwai waakye a cikin ganye, koko da ƙosai, da tuwon zafi. Baƙi 'yan Ghana suna shigowa su ce abincinsu ne, in ce musu ku tambayi inda sunan ya fito. Sai dai nan laima ta yi yawa, hotuna biyu sun manne da gilashin firam, da na zo cirewa fuskar hoton ta biyo gilashin.

Baban Ilham mai situdiyo: Hajiya ta Kumasi, takarda mai sheƙi ce ke yin haka idan ta haɗu da gilashi a wuri mai laima. A nemi marar sheƙi, ko a sa kwali mai taga a tsakanin hoton da gilashin yadda ba za su taɓa juna ba. Marar sheƙin ma ta fi daɗin kallo a ɗaki, ba ta mayar da hasken ƙwan lantarki a ido.

Maman 'Yan Biyu: Bari in dawo da mu kan maganar haya, don ita ce ba a amsa ba. Kada ki yarda da salatif mai manne biyu a kan fenti. Zafin bazara yana narkar da gam ɗin hoton ya zame, wanda ya kama kuma ranar tashi sai ya ɓanɓaro fentin har da filasta, mai gida ya ce sai kin yi wa ɗakin fenti gaba ɗaya. Kuma kada a dama fulawa ko sitaci a manna, kyankyasai ne za su tare a bayan hoton. Abin da ya fi shi ne ki kira kafinta ya yanko miki fale-falen katako guda, misali tsawon santimita 120 da faɗin 80, ya goge shi, ya yi masa baki, a shafa fenti ko a lulluɓe shi da yadi marar ado. Duk hotunan a jikin katakon za su zauna. Bango kuma ƙusar kankare biyu kawai zai sha, ramin da za a toshe da ɗan filasta a minti biyar. Ranar da za ku tashi ki sauke abinki ki sa a mota. Ki ce wa kafintan ya sa 'yan ƙananan katakai a baya don iska ta riƙa ratsawa, kuma ya shafa maganin gara.

Maman Sadiq: Wannan dabara ta yi. Ko ƙusa biyun ma sai Baban Sadiq ya yi wa mai gidan magana tukuna, mutum ne mai son a tambaye shi.

Maman 'Yan Biyu: Haka ya dace. Idan ya ƙi, ki jingina katakon a kan kanta ko kan kabad, ya ɗan kwanta a jikin bango. Sai dai a ɗaure shi ta baya saboda yara.

Uwargidan Gusau: Ki duba ko bangon yana jingine da banɗaki, ko kuma na waje ne da ke kallon gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, wannan bangon shi ke shan dukan ruwa duk damina, ya jiƙe ta ciki. Kin ga fenti yana kumbura ko yana fitar da farin gari, to kada ki sa takarda a wurin.

Baban Ilham mai situdiyo: Gaskiya ne. Sai kuma rana. Duk hoton da rana ke dukansa kai tsaye zai koɗe, musamman wanda aka fitar da ƙaramar firintar ofis mai tawadar ruwa, ja da rawaya su gudu, jollof ta koma kalar toka. Wanda aka wanke a injin situdiyo a kan takardar hoto ya fi jurewa. Idan kusa da murhu ne, a yi masa leminatin yadda za a iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, don tururin mai yana hawa bango ya kama ƙurar hunturu, su haɗu su zama danƙo. Masu girki da gawayi ko icce kuwa, gara a fitar da jerin daga kicin ɗin gaba ɗaya.

Wajen jerawa, kada ki fara da gam. Ki shimfiɗa katakon a ƙasa, ki ɗora babban hoto ɗaya kusa da tsakiya, matsakaita uku ko huɗu kewaye da shi, ƙanana su cike gurabe. Ki bar tazara iri ɗaya a tsakaninsu, kamar faɗin yatsu biyu. Ki raba launuka, kada jar miya ta zauna kusa da jan zoɓo kusa da jan tattasai, a sa farin nono ko koren zogale a tsakani. Ki hau kujera ki ɗauki jerin da waya ki duba, a nan za ki ga inda ya yi nauyi. A ɗakunan nunin zane ana sa tsakiyar hoto wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Amma ku da kuke ci a kan leda a zaune, ki sauko da shi kaɗan, in dai hannun ƙaramin yaro ba zai kai ba.

Amaryar Bana: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Da azumi fa? Mutum yana fama da ƙishirwa ga hoton kunun tsamiya da ƙosai yana kallonsa.

Maman 'Yan Biyu: Wani amfanin katakon ke nan. Ki sauke ki juya shi, ko ki yafa masa mayafi har a ga wata.

Hajiya Babba: Kun ga dai da bakinku kun ce sai an rufe shi wata guda. Ni na faɗi nawa. Amma 'yata, idan kin tashi yi, ki sa na hatsin da na hannun mahaifiyarki, ki rage na naman. Kuma ranar da kika girka don ɗaukar hoto, kada abincin ya huce a kan tebur ana juya kwano, a ɗauka da sauri a zuba wa mutane su ci.

Maman Sadiq: In sha Allahu Hajiya, na ɗauka. Ga abin da na tsayar: miyar zogalen Umma a tsakiya, waina, ɗanwake, fura, gurasa, sai ƙoren hatsi da kayan yaji a gefe, tsire guda ɗaya saboda Baban Sadiq. Malam Baban Ilham, na tsakiyar A4 ya isa ko in ƙara?

Baban Ilham mai situdiyo: A katako mai santimita 120 da 80, A4 zai ɗan yi ƙanƙanta a matsayin uwar jeri. Ki yi inci 12 da 16, matsakaitan inci 8 da 10, ƙananan 5 da 7. Kafin a wanke babban, ki sa a fitar miki da shi a ƙarami tukuna ki ga yadda koren miyar ya fito, don injin wani shagon yana ƙara duhu. Idan ya yi miki, sai a buga sauran.